Katin Ɗaya ga Oktoba

Na san yadda kuke ba da labarin nan in kun haɗu, domin na taɓa jin ɗan'uwanku Nura yana ba 'ya'yansa a falo, ni kuwa ina kwance a ɗaki ana zaton barci nake. A bakinsa na zama wani namijin duniya da ya dubi hukuma ido cikin ido ya faɗi gaskiya, aka raba shi da makirufo saboda haka. Inna kuma, kakarku, ta zama tsohuwa mai taurin zuciya wadda ta so ta danne 'yarta. Ba zan ɓoye muku ba, rabona a labarin ya yi mini daɗi, har na gyara kwanciya don in ji sosai. Amma ba haka aka yi ba. Mahaifiyarku da Inna duk sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage da zan iya gyarawa, ga shi hannuna ya fara rawa in na riƙe biro, saboda haka gara in rubuta yanzu.

Shekarar dubu biyu ce. Soja sun koma bariki shekara guda ke nan da 'yan watanni, an ƙara albashi, kuɗi sun shigo Abuja kamar an buɗe famfo. Duk inda ka duba tifa ce ke juye yashi, maƙwabtanmu a gidajen ma'aikata na Wuse kowa ya sayo mota 'yar Kwatano yana wanke ta safe da yamma. Ni a lokacin ina sashen Hausa na wani gidan rediyon gwamnati, ina da ɗan shiri na minti biyar kowace safiya kafin labaran ƙarfe bakwai, inda nake faɗa wa masu sauraro abubuwan da suka taɓa faruwa a rana irin wannan. Ƙaramin shiri ne, amma ina ji da shi, ina kuma ji da muryata fiye da kima. Direbobin tasi masu koren fenti sukan gane ni da zarar na ce a kai ni kasuwar Wuse, ni kuma in yi ta noƙewa kamar ba na so. Kayan aikina akwatin katako ne da na gada daga marigayi Malam Isiyaku, wanda ya fara shirin, cike da katuna, kowace rana ta shekara da katinta. Ƙa'idar gidan kuwa tun ta zamanin soja ce, ba wanda ya tuna ya cire ta da farar hula suka zo. Duk abin da za a karanta sai an buga shi kwafi uku, Darakta ya duba da koren bironsa ya sa hannu, ɗaya nasa, ɗaya nawa, ɗaya na mai kula da na'ura da ke zaune bayan gilashi. In mai karatu ya kauce daga abin da aka sa wa hannu, aikin mai na'ura ne ya rufe masa murya nan take. Shekara tara ina shirin ba a taɓa rufe mini ba, kuma da wannan nake tinƙaho a ofis.

A shekarar ƙasa za ta cika arba'in da samun 'yanci, sai aka ce shirina na ɗaya ga Oktoba zai zama minti goma, kai tsaye, in gama ƙarfe bakwai daidai a haɗa da jawabin shugaban ƙasa. Na zaro katin ranar na taho da shi gida. A duk akwatin ba katin da ya kai shi cika, har bayansa an rubuta. Ranar ce aka sauke tutar Turawa a 1960. Ranar ce ƙasa ta zama jamhuriya bayan shekara uku. Ranar ce a 1979 soja suka miƙa mulki ga farar hula, ranar ce a 1982 aka fara yin bikin a Abuja, lokacin garin duk jar ƙasa ne da ciyawa, ranar ce kuma aka ƙirƙiro jihohi shida a 1996, wannan da hannuna na ƙara shi. Har kafuwar sabuwar gwamnatin ƙasar Sin a 1949 Malam Isiyaku ya sa, don shi ba ya barin kati da fili. A tsakiya, tsakanin 1963 da 1979, akwai layi guda da ya rubuta da fensir ya goge. Sai dai ya danna fensirin sosai, in ka karkata katin wajen haske kana ganin 1966 da kalmar Kano. Na san da layin tun ranar da na gaji akwatin. Kowace shekara nakan tsallake shi kamar yadda ake tsallake kwata a hanyar masallaci, ban taɓa jin komai a raina ba.

Yanzu kun san asalin mahaifiyarku, amma a lokacin ba ku sani ba, Hadiza ce babba tana sha bakwai. Ni na sani tun kafin aure. Malam Garba, mijin Inna, ma'aikacin jirgin ƙasa ne a tashar Kano, mai juya layi. Ranar Asabar ɗin nan ta ɗaya ga Oktoban 1966, da aka far wa Ibo da suka taru a tasha suna jiran jirgin da zai kai su gida, ya tsinci yarinya 'yar shekara huɗu ko biyar a ƙarƙashin taragon gyaɗa, ta cusa kai tsakanin gwiwoyinta. Ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ta, ya saɓa ta a kafaɗa kamar buhu, ya bi lungu lungu har gidansu a Fagge. Shi da Inna Allah bai ba su haihuwa ba. Suka kira ta Asabe saboda ranar da ta shigo gidan, da aka mayar da shi Nguru kuma, inda ba wanda ya san su, kowa ya ɗauka ranar Asabar aka haife ta. Bayan yaƙi ya yi ta zarya Sabon Gari yana cigiya, bai dace ba. Abin da ta riƙe a kanta bai wuce biyu ba, sunanta Ngozi, babanta kuma yana da keke. Da na zo neman aure Malam Garba ya ja ni bayan masallaci ya faɗa mini duka, ya ce in zan fasa in fasa kafin a sa rana. Na ce ban fasa ba. Daga nan ni da ita ba mu taɓa tayar da zancen ba har shekara goma sha tara, ni kuwa a wautata na ɗauka tunda ba ta magana ta manta.

Saura kwana goma, da la'asar, mahaifiyarku ta dawo daga makarantar firamaren da take koyarwa, tana kwashe kwanuka daga tebur sai ta ga katin. Na ga ta ɗauka, ta karanta gaba da baya, sannan ta matsa bakin taga ta karkata shi.

"Malam, wannan fa da aka goge?"

Na ce tsohon rubutu ne, ba ya cikin shiri.

"Duk shekara ina jin ka kana jero su," in ji ta. "Ta tuta, ta jamhuriya, ta jihohi, har ta mutanen Sin. Tawa ce kawai babu."

Ta zauna ta yi mini bayani a hankali, kamar tana koya wa ɗan aji uku. Ba so take in zagi kowa ba, ba so take in tono wanda ya yi da wanda bai yi ba. Layi uku ko huɗu kawai take so, a ce an tsinci yarinya mai suna kaza a tasha, kuma tana raye. Ta ce tun da Malam Garba ya rasu abin yake cin ta, domin in mahaifiyarta na da rai ta doshi saba'in, kowace shekara da ta wuce masu iya ji suna ƙara raguwa. Mutanen da suka zauna Sabon Gari, ta ce, sun fi mu jin Hausa, kuma ranar kowa zai buɗe rediyo don jawabi. Ni kuwa, jarumin da Nura yake ba ku labari, sai na fara kawo mata ƙa'ida, ina zancen kwafi uku da koren biro, idona yana kan tebur.

Inna tana zaune a baranda tana tsintar wake, ta ji komai. Tun rasuwar Malam Garba take wurinmu, kuma kun san surukutarta, ba ta kiran sunana, ba ta shiga falo in ina ciki, in mun yi kiciɓis a ƙofa sai ta juya fuska bango mu gaisa. Ranar ta shigo har tsakiyar falon da ƙwaryar waken a hannunta.

"Malam, ka gafarce ni in yi magana a gabanka. Shekara talatin da huɗu, in aka yi sallama da baƙuwar murya a ƙofar gida sai in ce an zo ɗaukar ta. Ni na yi jinyar ƙyandarta, ni na yi mata kitso, ni na yi mata gara. In sun zo da kamanninsu, su ce tasu ce, to ni wace ce?"

Mahaifiyarku ta sauko daga kujera ta durƙusa a gabanta.

"Inna, ba uwa nake nema ba, ina da ita. So nake in akwai mai rai a cikinsu ya san ban mutu ba. Shi ke nan."

Inna ta juyo wajena ta ce in tuna Hadiza ta kusa aure, in tuna bakin mutane, in kuma tuna abin da aka yi a Kaduna farkon shekarar nan, wanda har yanzu hayaƙinsa bai gama kwanciya ba. Ta ce ita ta ga ranar da idonta, ta ga abin da magana ɗaya take haifarwa in ta shiga kasuwa. Sannan ta fita, daga ranar ta daina cin tuwon gidan, sai koko da take damawa da kanta a ɗakinta. Ku da kuke yara kun ɗauka azumin nafila take yi. Kada wani ya sake ce mata mai taurin zuciya a gabana ko bayan raina. Tsoro ne, kuma tana da dalilinsa.

Na rasa inda zan sa kaina, sai na yi dabarar ma'aikacin gwamnati, wato in tura nauyin sama. Na rubuta layukan huɗu, na sa su a ƙarshen takardar shirin, can ƙasa, inda za su yi sauƙin yankewa. Wannan ma in ban faɗa ba na yi ƙarya. Ranar Juma'a da la'asar na kai wa Darakta. Ba zan faɗi sunansa ba, mutumin kirki ne, kuma ƙanensa ya rasa shagonsa da ɗansa guda a rikicin Kaduna. Ya karanta har ƙasa, ya sake karanta ƙarshen, ya tashi da kansa ya tura ƙofa.

"Sa'idu, wata nawa ke nan da aka gama kwashe gawawwaki? Ka kuma san abin da ya biyo baya a Kudu. Ka san wa zai ji wannan a tashar mota, ya kama rabi ya bar rabi? In rai ɗaya ya salwanta, ni da kai za mu amsa a gaban Allah."

Na ce gaskiya ne, ranka ya daɗe. Ya ɗauki koren biron ya ja layi guda a karkace a kan sakin, kwafi ɗaya bayan ɗaya har uku, ya sa hannu. Bai tambaye ni wace ce yarinyar ba, ni ma ban faɗa ba. Da na fito daga ofishin jikina sakayau, kamar an sauke mini kaya. Na koma gida na ce wa mahaifiyarku na yi iya ƙoƙarina, an soke. Ta dube ni ta ce Allah ya saka da alheri, ta tashi ta ɗauko kaftanin da zan sa ranar ta fara guga. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Na zauna ina jin ƙarar dutsen guga, ina jin kunyar da ban taɓa ji ba a gidana.

A nan ne na yi kuskuren da ko sabon ɗauka ba zai yi ba. A aikinmu in an yanke wani abu daga takarda, sai a sake buga ta, a sake karanta ta da agogo a hannu, a cike gurbin da ya ragu. Mai buga mana takardu ta riga ta tafi hutu bayan sallar Juma'a, ni kuma na ce a raina mutumin da ya yi shekara tara a bakin makirufo kunnensa ne agogonsa. Na ninke takardar da koren layinta na sa a aljihu.

Ranar ta faɗo Lahadi. Na fita bayan sallar asuba, domin 'yan sanda sun tare manyan hanyoyi saboda fareti, sai da na nuna katin aiki sau uku. Mai na'ura a ranar Madam Rifkatu ce, 'yar Filato, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya uku. Ta zo da kwalliyar coci, ɗankwali ya kusa taɓa rufi, don daga aiki can za ta wuce. Ta ce mini ta cikin na'urar magana:

"Malam Sa'idu, yau ba wasa o. Oga ya ce bakwai daidai, kar ya wuce, kar ya rage. Kuma ba ni da kiɗan cike wuri fa, sun kwashe inji ɗaya zuwa filin fareti, wanda ya rage taken ƙasa ne a kai."

Na ɗaga mata hannu irin na wanda ya san aikinsa. Sai na yi muku bayanin abin da ku 'yan zamanin waya ba za ku gane ba. A rediyo ba zunubin da ya kai shiru. A ƙasarmu kuma, a wancan lokacin, shirun rediyon gwamnati da sassafe yana da ma'ana guda a kunnen duk wanda ya haura shekara ashirin. Haka juyin mulki yake farawa, murya ta ɗauke, a yi shiru, sai kiɗan soja. Shekara guda kacal da komawarsu bariki, ranar bikin 'yanci, ana jiran jawabin shugaban ƙasa, in aka yi shirun rabin minti akwai matan da za su fara kiran yaransu su shigo gida, akwai 'yan kasuwar da za su fara rufe shago.

Jar fitila ta kama, na fara. Muryata ta fita yadda nake so. Na sauke tutar Turawa, na ɗaga tamu, na bi shekarun ɗaya bayan ɗaya ina ƙawata su, na zo kan jihohi shida na rufe da addu'ar da na saba. Na ɗaga kai in dubi agogon bango, ina jiran in ga dogon hannu a kan sha biyu. Saura daƙiƙa arba'in. Ta bayan gilashi Rifkatu ta miƙe tsaye tana buɗa hannuwanta biyu kamar mai jan igiya, alamar in ja magana. Ni da nake iya cika minti biyar da zancen ruwan sama, kaina ya zama fanko. Daƙiƙa ɗaya, biyu, uku, ina jin bugun zuciyata a cikin abin da na toshe kunne da shi. Idona ya faɗa kan takarda. Layin biro guda a karkace ba ya ɓoye rubutu. Bakina ya kama karantawa tun kafin hankalina ya iso.

"A rana irin wannan kuma, a 1966, an zubar da jinin bayin Allah a Kano, Allah kada ya maimaita mana."

Wannan layin tsoron shiru ne ya karanta shi, ba ni ba. Amma da na kai ƙarshensa hankalina ya dawo, na ga ƙofar fita a buɗe. Duk Bahaushen da ya taɓa riƙe makirufo zai iya jan addu'a ta rabin minti ba tare da ya numfasa ba, Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, Allah ya ba shugabanni ikon adalci, har agogo ya cika. Da na yi haka da faɗa kawai zan sha. Na ga Rifkatu ta duba kwafinta, ta dube ni, ta ɗora yatsa a kan maɓallin da ke rufe murya. Na kuma ga mahaifiyarku a kicin, kusa da ƙaramar rediyon da ke kan firji, kamar tana gabana. Sai na ci gaba.

"A ranar wani ma'aikacin jirgi ya tsinci yarinya a tasha, 'yar shekara huɗu ko biyar, sunanta Ngozi, ya riƙe ta kamar 'yar cikinsa. Tana raye, tana lafiya, ta yi aure ta haihu. Wanda ya rasa irin wannan yarinya ya neme ni a gidan rediyon nan."

Dogon hannu ya hau sha biyu, taken ƙasa ya shigo. Iyakar jarumtar ubanku ke nan, ba ta kai rabin minti ba. Na fito na tarar da Rifkatu zaune ta zuba wa na'ura ido. Na buɗe baki zan ba ta haƙuri, ta riga ni.

"Na ga koren layi, Malam. Hannuna ne bai yarda ba."

Yinin ranar ban san yadda na yi shi ba. Duk jiniyar da ta wuce sai in miƙe. Na kasa cin abinci, na yi ta juya tasha zuwa tasha ina sauraron ko an ce wani abu ya tashi a Kano ko a Kaduna, maganar Darakta tana yi mini amo a kunne. Allah ya rufa asiri, ko tsinke ba a karya ba. Amma har yau ban ce Darakta ya yi kuskure ba, domin da ranar ta zo da tsautsayi, da wani labarin kuke bayarwa a kaina. A gida kuwa Hadiza ta riga ta gane, tun da ta ga uwarta ta saki ludayi a tukunya ta dafe bango. Inna ta rufe ɗakinta. Mahaifiyarku ba ta ce mini na gode ba, ta dai zuba mini ruwan wanka da kanta, abin da ta bar wa yara tun da daɗewa.

Da aka koma aiki takardar tuhuma tana jirana. Ban sake zama a bakin makirufo ba. Aka mayar da ni ɗakin ajiyar faifai a ƙasan bene, inda na ƙare aikina ina kaɗe ƙura, ƙarin girma kuma ya tsaya a inda yake, abokaina suna gina gidaje ni ina gaishe su. Wannan kun sani, kuna ma ƙara masa gishiri. Abin da ba ku faɗa shi ne Rifkatu. Aka tura ta tashar aika murya da ke can bayan gari, mota uku take hawa kafin ta isa, tana barin 'ya'yanta tun duhun asuba. Ni na zaɓi abin da na yi, ita ban shawarce ta ba, na jefa ta ciki tana da daƙiƙa biyu ta yanke. In za ku ba jikokina labarin nan, ku sa sunanta kafin nawa.

Zan faɗa muku tun yanzu, har mahaifiyarku ta koma ga Allah ba a samu kowa nata ba. Abin da ba mu lissafa ba shi ne yawan masu nema. Sunan Ngozi a wurin Ibo kamar Amina ne a wurinmu, kuma ba ita kaɗai ta ɓace a tashar ba. Wasiƙu suka yi ta zuwa, mai gadi yana ɓoye mini su a aljihu. Wani dattijo ya zo daga Suleja da hoton da ya koɗe, wani ya aiko ɗansa daga Jos. Mahaifiyarku takan same su a ƙofar gidan rediyo bayan an tashi makaranta, su dubi juna, su yi 'yan tambayoyi, kowa ya kama hanyarsa. Takan dawo ta shiga kicin, ni kuma in kasa tambaya.

Wajen wata biyu bayan haka, wata Asabar da azahar, tasi ya tsaya a ƙofar gidanmu, Rifkatu ta fito da wata tsohuwa. Busasshen kifi take sayarwa a kasuwar Kado, ƙanshinsa yana jikin zanenta. Ta ji sanarwar tun ranar, domin ita rediyon Hausa take saurare tun tana budurwa a Sabon Gari, amma ta yi wata biyu tana ɗaura ɗankwali tana kwancewa. Hausarta irin ta Kanawan da ce, ta fi ta bakinku daɗi nesa ba kusa ba. Na ba ta kujera ta ƙi zama. Ta ce tata 'yar tana da tabon ƙuna a bayan kafaɗar hagu, fitilar aci-bal-bal ce ta faɗo mata tana rarrafe. Ba ta buƙatar tambaya ko ɗaya, a nuna mata kafaɗar kawai.

Ni na san kafaɗar matata, amma na ga ba hurumina ba ne in faɗa. Mahaifiyarku ta juya mata baya ta sauke wuyan rigarta. Sai ga Inna a bakin ƙofar falo, ta riƙe katakon ƙofar da hannu biyu, ta rame har zanenta yana neman zamewa. Tsohuwar ta ɗora babban yatsanta a wurin, ta shafa, ta matso da fuskarta kusa, ta sake shafawa kamar tabon zai iya fitowa in ta daɗe. Sannan ta ja rigar ta mayar mata da kyau.

"Ba ita ba ce," in ji ta.

Ranar ce na fara ganin mahaifiyarku ta yi kuka a kan maganar nan. Na dubi Inna, na ga ta saki numfashi, na kuma ga kunyar numfashin ta kama ta nan take. Ta koma ɗaki, na ɗauka rufewa za ta yi, sai ga ta da tabarmarta da kwanon ruwa. Ta shimfiɗa a tsakiyar falo, a gabana, ta kama hannun baƙuwar ta zaunar da ita, ita ma ta zauna. Tsohuwar ta sha ruwan, ta ajiye kwanon, ta dubi Inna.

"Hajiya, ranar da aka kawo miki ita, ta yi kuka sosai?"

"Kwana uku ba ta sa komai a baki ba sai ruwa," in ji Inna. "Ran na huɗu na dama mata kunun tsamiya, ta shanye, ta yi barci a cinyata."

Tsohuwar ta yi ta gyaɗa kai tana kallon tabarma.

"To, tawa ma wataƙila wata ta dama mata."

Inna ba ta saki hannunta ba.

"An dama mata, 'yar'uwa," ta ce, kamar a gabanta aka yi. "Ta sha."